Billen Malam Habu

Ku zauna mana, kuma ku daina taɓa mini wannan bidiyon, ya girmi iyayen wasunku. Kun ce kuna son ku ji yadda ake gyaran tsohon hoto, amma tun daga bakin ƙofa na ji ɗayanku yana cewa ai yanzu abin ba wuya, a zuba a kwamfuta, a danna maɓalli, a je a sha shayi a dawo. To, madalla. Ni ma na taɓa dannawa na je na sha shayin. Abin da na tarar bayan na dawo shi zan ba ku labari, amma sai kun yi haƙuri na ɗauko daga farko, don ni ba na iya tsallake.

Sunana Sule, a nan Daura Sule Mai Kaset ake ce mini, ko da yake an daɗe rabon da wani ya sayi kaset a hannuna. Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan shi ne goge hedi, wato ɗan kan nan da ke juyawa a cikin bidiyo yana karanta zaren kaset. Maigidana Baba Ilu, Allah Ya jiƙansa, yana da shagon gyaran rediyo da talabijin a bakin kasuwa. Ya nuna mini sau ɗaya: a sami farar takarda, a ɗiga mata sifirit, a ɗora a hankali, a juya kan da yatsa. Ba a goga sama da ƙasa, ba a sa auduga. Ni kuwa da ya fita salla sai na ga ai auduga ta fi takarda laushi, me zai hana? Audugar ta maƙale, na ja, na karya hedin bidiyon wani Alhaji mai sayar da shanu. Baba Ilu bai dake ni ba. Kunna bidiyon ya yi, ya zaunar da ni gaban talabijin, ya ce in yi ta kallon yayyafin nan fari da baƙi har la'asar, in gani ko wani fim zai fito. Har yau in na ga auduga kusa da inji sai raina ya ɓaci.

Yana da wata doka guda da ba ya ɗagawa. Duk abin da ya cire daga cikin kayan mutum, ko da ƙonannen fis ne, sai ya sa a gwangwani ya rubuta suna. Yakan ce mini, "Sule, abin da aka kawo maka, kada ka rabu da shi sai mai shi ya gani ya ce ya gamsu. Kai ba ka san abin da yake nema a ciki ba." A lokacin ina ganin tara shara ce kawai. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo gare ta.

Da na sami 'yancin kaina sai na buɗe gidan kallo a wani zaure, talabijin ɗaya mai ƙusumbi, bidiyo ɗaya, benci shida. Fatake masu zuwa Nijar ta wajen Mashi su ke kawo mini kaset, kuma a cikinsu akwai shirye-shiryen Turawa na mutanen da ke yawo a jirgi tsakanin taurari. Ba mu jin Turancin, amma wa ya damu? Jirgi zai tashi, a harba wani haske, zaure ya ɗauki kabbara. Akwai wani tsoho da ya rantse mini cewa lallai a can sama aka ɗauki hoton, don ya ga taurarin da idonsa. Ban yi masa musu ba, don ni ma a lokacin ban da tabbas.

Abin da ba ku sani ba shi ne, dishi-dishin hoton nan shi ya sa muka yarda. Hoton tsohon talabijin layi-layi ne a jere, kuma kaset ba ya riƙe ko duka layukan da kyau. Masu shirya fim sun san haka, sun san iyakar abin da ido zai gani, sai su yi aiki daidai nan su tsaya. Shekaru bayan haka na ga ɗaya daga cikin shirye-shiryen nan an sabunta shi, a babban talabijin na bango, filasima, tar kamar ka miƙa hannu. Kai! Ashe ƙofar jirgin katako ce, ga kan ƙusa nan. Ga hodar da aka shafa wa jarumin ta tsaya a wuyansa. Su Turawan sun iya fito da wannan ne don tun asali a fim irin na majigi suka ɗauka, shi kuwa yana riƙe abin da ya fi ƙarfin talabijin na lokacin, sai aka koma aka sake karanta shi. Amma hasken da jirgin ke harbawa, wanda a bidiyo aka haɗa shi, yana nan a dushe, sai dai su sake zana shi. Kaset ba majigi ba ne. Abin da bai shiga ba, bai shiga ba. In kwamfuta ta nuna maka shi, to ƙago shi ta yi.

Mu ma fa mun yi namu, ku daina dariya. Wani malamin kimiyya a makarantar sakandare, Malam Habu, mutumin Dutsi, ya tara abokansa suka shirya wasa mai kashi shida, sunansa Baƙin Zara, gidan talabijin ya nuna shi. Labarin wasu mutane ne daga tauraruwa da ƙasarsu ta bushe, suka sauka a wata gona wajen garin Babban Mutum don su roƙi manoma su koya musu noman gero. Jirginsu faranti biyu ne na samira aka kifa wa juna, aka sa ƙwan tocila, aka rataye da gashin wutsiyar doki. Taurari kuwa baƙin yadi ne aka huhhuda da allura, aka ajiye fitila a baya. Malam Habu shi ne shugaban baƙin, kullum kansa a cikin wata hular ƙarfe mai rufe fuska. Duk ranar da za a nuna shi, gidan da ke da talabijin sai an fitar da shi tsakar gida. Daga baya na nemi kwafi don zaurena, aka ce ai gidan talabijin ɗin sun ɗauki wani abu a kan kaset ɗin, don a lokacin kaset tsada gare shi. Na haƙura.

Sai ga shekarar da ba na son tunawa. Faifan sidi ya riga ya rage mini 'yan kallo, waya ta zo ta kwashe sauran. A daminar nan rufin zauren ya yi yoyo ban lura ba, danshi ya shiga kwalayen da na jera kaset. Da na buɗe bayan kaka, duk sun yi hunhuna fari fat, kamar an barbaɗa musu gari. Na sa ɗaya a bidiyo, ya toshe hedi nan take. A wannan shekarar Baba Ilu ya rasu. Na rufe zauren, na koma gona, da rani ina gyaran tocila da fanka. Bidiyoyi ukun da na tara dai na ƙi sayarwa ga masu gwangwan, ko da yake uwargida ta yi magana har ta gaji. Na naɗe su a buhu na ɗora kan rumbu.

Bidiyoyin nan su suka dawo da ni sana'a. Wata rana wani direba ya zo da kaset ɗin bikin iyayensa, ya ce an ce ni kaɗai na rage mai injin da zai karanta shi, yana so a sa masa a waya. Ban san yadda ake yi ba, amma na ce ya dawo bayan mako biyu. Da furfurata na je na zauna gaban kwamfuta ina koyon riƙe linzaminta, yara irinku suna ƙunshe dariya. Na koya dai. Daga nan aiki ya buɗe: kaset ɗin suna, na saukar karatu, na dawowa daga Makka. Na gane abubuwan da ba a rubuta a ko'ina ba. Hoton zamanin da kusan murabba'i yake, in ka baje shi ya cika filasima, kowa zai koma gajere mai faɗi kamar an zauna a kansa, don haka a bar baƙi gefe da gefe, ko mai kaya ya yi ƙorafi. In mutum ya motsa hannu ka ga gefensa ya yi haƙora kamar matsefi, wannan layukan talabijin ne ba su haɗu ba, akwai yadda ake haɗa su. Kuma kafin komai, a kwashe hoton yadda yake, ɗanye, da yayyafinsa da rawarsa, a ajiye gefe. A kan kwafi ake aiki.

Wata Talata da hantsi mota ta sauke mata biyu a ƙofar shagon nan. Ƙaramar, Malama Zainabu, tana koyarwa a firamare a Dutsi. Tana riƙe da hannun mahaifiyarta, Hajiya Rabi, wadda ke tafiya tana laluben ƙasa da ƙafa. Bayan mun gaisa Zainabu ta ajiye wata kwalla, ta buɗe, ta warware atamfa. Kaset shida. Na karanta rubutun da ke jiki sai da na miƙe tsaye. Baƙin Zara, ɗaya zuwa shida, da rubutun biro.

"Baba Sule, na mahaifina ne," in ji Zainabu. "Shi ne Malam Habu. A gidan abokinsa ya ɗauka lokacin da ake nunawa. Ina 'yar shekara uku ya rasu, kuma hotunansa gara ta cinye su a akwati. Ban san fuskarsa ba."

Hajiya ta karɓe zancen. "Malam Sule, idona ɗaya ya tafi, ɗayan kuma kamar ta cikin hayaƙi nake gani. Likita ya ce ba irin na aiki ba ne, sai dai a jira. A kaset na shida, kusa da ƙarshe, Malam yana cire hular nan ya dubi mutane. Nan kaɗai nake so. In gan shi sau ɗaya da sauran idon nan, in nuna wa wannan da 'ya'yanta, in ce ga shi. In na makance, wa zai ce musu shi ne?"

Na ce in Allah Ya yarda. Na ce su ba ni wata guda.

Biyar na farko ba su ba ni wahala sosai ba. Hunhuna ce kaɗan, na buɗe su, na bi zaren da kyalle mai laushi ina juyawa da hannu, kwana biyu kowanne. Na shida shi ne matsala. Daidai wurin cire hular, zaren ya yi laushi, ya yi tamoji, baƙin jikinsa yana kama yatsa. Na tambayi Zainabu ta waya, ta ce ai lokacin da bidiyon gidansu ke aiki, Inna nan take mayarwa baya ta sake kallo, ta mayar ta sake, shekara da shekaru. Wurin da aka fi so shi ya fi lalacewa. Na yi bisimilla na sa shi, ya wuce da ƙyar, na kwashe ɗanyen hoton. Da na cire kaset ɗin hedi ya yi baƙi ƙirin. Na ce a raina, wannan ba zai sake jure wani zagaye ba.

To, a lokacin ne na sami manhajar nan da kuke taƙama da ita, mai ƙara wa hoto ƙarfi. Wani abokina mai shagon kwamfuta ya sa mini ita. Na gwada a kashi na ɗaya, wallahi sai da na yi salati. Gonar gero ta fito zangarniya-zangarniya. Amma ga gashin dokin da ke riƙe da jirgi ya bayyana ɓaro-ɓaro, ga tambarin kamfani a gindin farantin. Na zauna kwana da kwanaki ina bin gashin nan ina shafe shi, hoto bayan hoto, har wuyana ya sage. A nan na ƙarar da ƙarfina da hankalina. Da na iso kashi na shida na riga na yarda da manhajar kamar ɗan'uwa. Wurin fuskar ya cika da farare-fararen layuka na lalacewar zare, sai na zaɓi gyaran fuska, na ɗaga shi har ƙarshe, na danna, na tafi wajen mai shayi. Na dawo na tarar da fuska sumul, ido tar, haƙora farare. Na ce kai, Sule, ka iya aiki.

Lokacin bayan kaka ne, biki ko'ina, rumbun kwamfutata ya cika da aikin mutane har ta fara ƙin karɓa. Na duba abin da zan share. Ga ɗanyen Baƙin Zara ya tare wuri mai yawa, ga gyararre kuma na gama, ya fi shi kyau nesa ba kusa ba. Na share ɗanyen, na zuba bikin wata amarya a gurbinsa. Ko gezau ban yi ba. Gwangwanin Baba Ilu bai faɗo mini a rai ba sam.

Ranar da suka dawo na share shago, na sa wa Hajiya kujera dab da filasima, na saki labule. Na kai daidai wurin. Shugaban baƙi ya sa hannu biyu ya ɗaga hular, ya dubi manomin ya ce, "Ka gani? Mu ma mutane ne, yunwa ce ta kawo mu." Na tsayar da hoton a kan fuskar. Zainabu ta rufe baki da mayafi, hawaye na zuba. Hajiya kuwa ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Ta daɗe. Ta karkata kai ta kawo idon mai gani. Can ta koma ta jingina.

"Muryar Malam ce," ta ce. "Amma wannan yaron ɗan gidan waye?"

"Inna, Baba ne fa," in ji Zainabu.

"A'a. Ubanki yana da bille a kuncin hagu, da tsaga biyu-biyu a gefen baki, askar gidansu. Ko a duhu na shafa na san shi. Wannan fuskar shafal take kamar ƙwai. Kyakkyawa ne, Allah Ya raya shi, amma ban san shi ba. Share hawayenki, ba ubanki kike wa kuka ba."

Ban san lokacin da hannuna ya kai kuncina ba. Ku dube ni da kyau. Ni ma ina da aska, ga ta nan, wanzami ya yi mini tun ina cikin tsumma. Kullum ina ganinta a madubi. Amma na kalli fuskar mutumin Dutsi na wancan zamani ba ko ɗigo a kunci, na ce na iya aiki. Ita manhajar ba laifinta ba ne, da fuskokin mutanen da ba su da aska aka koya mata, ta ga layi a kunci, ga layukan lalacewa kewaye da shi, sai ta haɗa duka ta goge, ta cike wurin da fatar da ta ga dama. Alhali bambancin a fili yake. Layin lalacewa a kwance yake, yana ƙyaftawa ya ɓace. Aska kuwa tana bin fuska duk inda ta juya. Ɗan yaye ma zai gane, in dai ya tsaya ya duba. Ni ban tsaya ba, shayi na tafi sha. Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba tun ranar audugar nan.

Zainabu ta ce, "To Baba, a nuna mata na asalin mana, kafin gyara."

Nan ne ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Na gaya musu gaskiya, ban rage komai ba. Na ce na share. Na ce hanya ɗaya ta rage, a sake sa kaset ɗin, kuma ina jin tsoron zaren zai mutu a ciki, wataƙila kafin a kai ga fuskar, wataƙila bayanta. In ya mutu kafin, shi ke nan, babu sauran wurin da billen nan yake a duniya. Zainabu ta fusata, kuma tana da gaskiya. Ta ce a ba su kayansu, za ta nemi wani a Kano. Hajiya ta ɗaga mata hannu.

"Na Kanon da wani zare zai yi aiki, ba wannan ba?" ta ce. "Malam Sule, ajiyarsa a kwalla ba ta nuna mini komai. Ka sa shi. Amma wannan karon ka zauna a wurin."

Kwana tara na yi ina shiri. Na tara 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi, na rufe kaset ɗin da su a gwangwani mai murfi. Na kwance shi, na mayar da zaren cikin wani gidan kaset mai lafiya wanda tayoyinsa ke juyawa ba gardama. Ban bar inji ya ja shi ba, da yatsa na naɗa har kusa da wurin, don kada a ɓata ƙarfinsa a banza. A cikin bidiyoyina uku na zaɓi wanda ya fi sanyin hannu, na goge hedi da farar takarda har ta daina kama baƙi. Ban yarda da wutar gari ba, batirin sola na cika. Da sanyin safiya, bayan na karya, na rufe ƙofar shago, na kashe wayata, na yi addu'a na danna.

Hoto ya fito yana rawa, yayyafi ya fi na farko yawa. Manomi yana magana. Hannu biyu suka kama hula. Ta ɗagu. Na kafa ido. Ya juyo da kai wajen haske, sai ga shi, baƙin layi gajere a kuncin hagu, yana tafiya tare da fuskar. Ga tsagar gefen baki suna motsi da maganarsa. Ya faɗi maganarsa har ƙarshe. Bai fi numfashi uku ba bayan haka hoton ya dushe, na ji wani ƙiii a cikin injin, kafin in kai hannu zare ya tsinke. Da na buɗe, baƙin jikinsa ya saɓule ya bar shi fari kamar leda. Ragowar wasan, inda baƙin ke karɓar irin gero su tashi, ya tafi. Ba shi a ko'ina yanzu sai a gyararren nan nawa mai fuskar ƙwai, kuma ni na jawo.

Abu na farko, na kwafi ɗanyen wuri uku. Sannan na yi masa aikin da ya kamata tun farko. Na tsayar da rawar, na ɗan ɗaga haske, na bi layukan lalacewa ɗaya-ɗaya da hannu ina cire waɗanda ba su taɓa fuska ba. Waɗanda suka ratsa ta na bar su. Ban ƙara ko ɗigo ba. In kun gan shi za ku ce ban yi komai ba, kuma mako biyu ya ci mini.

Ban kira su shago ba. Na zuba hoton a faifai, na ɗauki tsohon talabijin ɗina mai ƙusumbi da injin kunna faifan na sa a mota har Dutsi, don hoton nan don irinsa aka yi shi, shi ke haɗe layukan su zauna lafiya. Aka shimfiɗa tabarma a ɗakin Hajiya bayan azahar, jikoki suka cika ƙofa. Na kunna, na tsayar a wurin. Ta matso da gwiwa. Na lura idon ya ƙara ja baya a 'yan makonnin nan, don sai da ta yi ta neman gefen da zai kama. Ta ɗora yatsa a gilashin, ya ɗan yi mata tsartsatsi, ba ta janye ba. Ta ja yatsan a hankali daga gefen hanci zuwa ƙasa, daidai kan billen.

"Shi ne," ta ce. "Zainabu, zo ki ga ubanki. Ku ma ku matso, ga kakanku." Sai ta yi 'yar dariya tana share ido. "Kuma wannan hular, kwanon jerena ne. Ya ce aro ya yi, kwana biyu zai dawo da shi."

Kafin damina ta faɗi idon ya rufe gaba ɗaya. Talabijin ɗin da injin faifan na bar musu su, suna can. Na ji kuna tambaya me ya sa nake tsayar da ku a kan kowace fuska, nake hana ku tashi in inji yana aiki, nake masifa in kun taɓa ɗanyen hoto. To, kun ji. Manhajar tana nan a kwamfutar can, ina amfani da ita, ba gaba muke ba, amma ba na ba ta fuskar mutum in juya baya.

Zainabu takan biyo ta nan in ta shigo Daura. Ta ce har yanzu duk Juma'a Inna sai ta sa a kunna mata kashi na shida. Ba ta ganin komai, zama take yi ta karkata kunne. Da ta ji ƙarar kwanon nan an ɗaga shi, kafin ma Malam ya buɗe baki, sai ta lalubo jikan da ke kusa da ita ta ce, "Yauwa, yanzu. Ku duba kuncin hagu."